Ƙahon da Umara Ya Hana Ni Busawa

Liverpool, 9 ga Maris, 1983

Yaya Babakura,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna da mutanen Limanti? Ni lafiya lau, sai dai yatsu biyu da likita ya cire mini. Kada Inna ta ji.

Dokar teku ita ce, idan hazo ya rufe, a rage gudu, a busa ƙaho duk minti biyu. Ranar da abin ya faru, da safe ko goshin jirginmu ba ma gani. Umara na Mairi, wanda muka tashi tare, shi ne hafsan da ke bakin aiki. Na kai hannu ga ƙaho ya ture ni, wai kyaftin zai ji ya sa a rage gudu, ga shi mun makara. Muka daki jirgin masunta, ƙofar ƙarfe ta datse hannuna.

A gaban kyaftin Umara ya rantse ni na manta da busa ƙaho. Aka dakatar da ni.

Ranar Litinin za a zauna bincike, kuma matuƙin da ke riƙe da sitiyari a lokacin ya yarda zai faɗi abin da ya ji. Wallahi ban yafe ba, sai na ga an ƙwace wa Umara takardarsa ta aikin jirgi.

Na ji ya aika wa Inna bargo. Ku mayar gidansu da rana tsaka, ta tsakiyar unguwa.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙaninka,
Abakar