Wayar Da Ba Ta Jin Yatsa

Uwata Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya Fatakwal, yaya maigidanki da yara? Yaya nauyin jiki? Allah Ya sauke ki lafiya. Mu nan Nguru muna nan yadda kika bar mu.

Innarki ta ce kin yi kuka, wai na daina ɗaukar wayarki. Ba fushi nake ba. Wayar da kika aiko ce ta zame daga aljihun gaban rigata ina ruku'u a masallaci, gilashin ya tarwatse a kan siminti.

Mai gyara na bakin kasuwa ya juya ta, ya ce, "Malam, wannan 'yar gayu ce, gilashinta sai Gashuwa." Na hau mota na je. Na can ya ce sai an aiko daga Kano. Da direban motar Kano ya kawo, ashe na ƙanwar wayar ne, ba nata ba. Mai gyaran ya danna shi haka nan, ya ce, "Baba, ai ga shi ta kawo haske!"

Hasken ta kawo, amma ƙasan gilashin ba ya jin yatsa. In kin kira, ina ganin sunanki, in ja, in ja, har ta katse. Na koma, ya ce ba a mayar da abin da aka liƙa. Na yi karatu, na koyar da 'ya'yan mutane har na tsufa, yau ba ni da wanda zan kai wa ƙara.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida maigidan. Kuma kada ki daina kira. Ko ban ɗauka ba, in na ga sunanki na san kina lafiya.

Mahaifinki,
Malam Bukar