Guntun Tsokar Wuyana: In Ba Su Ko In Binne?

An ɗauki jikata Zahra'u aiki a ɗakin binciken jami'a! Ki yafe ni Malama Talatu, assalamu alaikum, ya aiki, ya iyali? Murna ce ta sa na tsallake gaisuwa. Taimakonki nake nema.

Ni manomi ne a Wagini. Sai da na aurar da 'ya'ya uku na shiga ajin yamma a Batsari, don haka ki yi haƙuri da rubutuna. Yadda yarinyar ta bayyana mini aikinta, jiki yana da sojoji, akwai kuma wasu ƙananan abubuwa, furotin, masu ce musu su kai hari ko su dakata. Ido ba ya ganinsu. Sai a yanki tsoka siririya kamar ɓawon albasa, a ɗora kan gilashi, a ɗiga wani ruwa da suke kira antibodi, wanda ba ya manne wa komai sai abin da ake nema. Inda ya kama, wurin ya yi ruwan ƙasa.

To, bara an cire mini ƙari a wuya, asibiti ya ajiye guntu. Yanzu sun aiko takarda, suna neman izinin ba wa ɗakin binciken su Zahra'u shi, in amsa kafin ƙarshen wata. Yayana Surajo na Safana ya ce haram in sa hannu. A gidanmu ko farce da gashi binnewa ake yi, kuma lokacin da gatari ya cire wa mahaifinmu yatsa, a bayan rumbu aka rufe yatsan. Ya ce in na ba su, kada in sake kiransa yaya. Shi ya riƙe ni da mahaifinmu ya rasu.

Ni kuwa har na faɗa a ƙofar masallaci cewa jikata za ta rina tsokata ta kawo hoton. A zaure zan rataye shi, kowa ya zo ya gani, har ke.

Kakan Zahra'u, Wagini

AMSA

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya sanya albarka a aikinta.

Yayanka ba rigima yake nema ba, mutuncin jikinka yake karewa. Binciken kuma yana iya amfanar marasa lafiya nan gaba. Kada ka sa hannu tukuna. Ka koma asibiti ka tambaya: nawa za su ɗiba, kuma za su ba ka saura ka binne? Sannan ka hau babur zuwa Safana, ku je tare wurin malamin da shi Surajo ya yarda da shi, ku karanta masa takardar. In ka ƙi, babu mai hana ka magani, kuma aikin Zahra'u bai rataya a wuyanka ba.

Saura maganar hoto. A irin wannan bincike ana cire sunan mai tsoka a sa lamba, ita kanta ba za ta san wanne ne naka ba. In don hoton za ka ɓata da yayanka, to babu hoton. In don masu ciwo ne, ka faɗa masa haka.

A zaure kuwa, ka rataye hotonta sanye da farar riga. Allah ya ƙara lafiya, ya bar zumunci.

Malama Talatu