Tayar Dama Na Cinyewa, Yaya Na Cewa a Sayar

Malam, ka taimake ni kafin mu ɓata da yayana.

Akori-kurar da Baba ya bari ce a hannuna. A cikinta ya koya mini tuƙi, da ita nake dakon bulo da siminti, da ita nake kai Mama asibiti. Ta sha hanya, har agogon da ke ƙirga tafiya ya gaji ya tsaya. Yaya kuwa tun da aka share makoki yake neman dalilin sayar da ita, wai ta zama gwangwani, wai mace ba ta iya riƙon tsohuwar mota. Shi da ko jak bai iya kafawa ba.

Matsalar ita ce tayar gaba ta dama. Gefen waje kawai take cinyewa, sumul kamar tafin hannu, sauran ukun lafiya lau. Na sa sabuwa, ita ma haka. Iska daidai take, ina aunawa. Sitiyari kan ɗan ja dama, amma na saba. Ni fa na iya tuƙi. Ƙofar gidanmu ƙunci gare ta, sai na haura bakin kwalbati da ƙafar motar ta dama nake shiga, yadda Baba ke yi, ban taɓa gogar gini ba.

In tayar ta cinye, sai in sa mai faci ya juya ta, gefen da ya ci ya koma ciki, in ajiye motar jikin bango yadda Yaya ba zai gani ba. Ko a jikina. To yanzu mai facin ya ce ba zai ƙara juyawa ba, wayar cikin tayar ta fara leƙowa. Mota dai ba zan sayar ba, ko Yaya zai tara mini dangi kaf. Mene ne abin yi?

'Yar Direba

Amsa:

'Yar Direba, kada ki sayar. Amma daga yau kada ki sake hawa titi da tayar nan.

Da iska ce, da tsakiya za ta ci in ta yi yawa, ko gefe biyu in ta yi kaɗan. Gefe ɗaya a taya ɗaya, ga sitiyari na ja, ƙafar ce ta karkace. Dalilin ma ke kika faɗa da bakinki: kwalbatin nan. Baba ya haura shi ƙafar na da ƙarfinta, ke kuma kin gaje ta a gajiye.

Ki kai wa bakanike ya ɗaga ƙafar a jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, sannan hagu da dama. In tana wasa, akwai ƙarfen da ya ci. A canza shi, a yi saitin ƙafa, sannan a sa sabuwar taya. Siminti kuma ke kike dakonsa, ki zuba ɗan gangare a bakin ƙofar.

Yayanki ya yi kuskure a kan mata, ya yi kuskure a kan motar. Amma tsoronsa ba na banza ba ne. Kujerar da Mama ke zama tana daidai saitin tayar da kike ɓoyewa.

Ki tafi da shi wurin bakanike ya gani da idonsa. In an gama gyara, ki ajiye motar, gefen damanta na kallon hanya. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Mama lafiya, ya tsare miki hanya.