Juyen Mai Ana Gobe Ɗaurin Aure

Wirrabilla,
Australiya ta Kudu.

Zuwa ga Yaya Glenys,

Gaisuwa mai yawa tare da so da girmamawa. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Alasdair da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ƙugun naki? 'Yarki Fiona ta gaya mana a waya cewa aikin da likitoci suka yi miki ya yi kyau, har kin fara takawa da sanda a tsakar gida. Mun yi murna ƙwarai. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa ƙarshen wahalar ke nan, kuma don Allah ki bi a hankali da sanyin nan naku na Aberdeen. Mu a nan lafiya lau. An gama girbin alkama, masu hayar gonarmu sun ce bai kai na bara ba, amma mun gode wa Allah. Zafi da ƙudaje kuwa suna nan yadda kika bar su. Bikin 'yarmu Tamsin da Nico an yi an gama, amarya ta tare, kuma ba wanda bai tambaye ni ke ba. Hotuna suna tafe a wata ambulan, in kin gan su za ki gane abin da zan gaya miki yanzu.

To Yaya, ba labarin biki ne ya zaunar da ni rubutu ba. Ƙarar ƙanenki, maigidana Merv, na kawo miki, don ya kai ni bango. Tun sanyin bara hannunsa na dama yake rawa. In ya ɗauki kofin shayi rabi a faranti yake ƙarewa, maɓallin riga kuwa sai ya juya mini baya yake sawa, wai don kada in gani. Da na yi magana ya ce sanyi ne. Da zafi ya shigo ya ce kofi ne ya yi masa yawa. Na ce mu je a ga likita, ya ce shi ba ya kai kansa gyara alhali bai lalace ba. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, da wannan hannun yake ɗaga mota a kan jak ya shige ƙarƙashinta shi kaɗai, ni kuwa ina ɗakin girki kunnena yana rumfar mota, ina jiran in ji ƙarar da ba na son ji.

Kin san tsohuwar motar Babanku, Holden ɗin nan, kin kuma san yadda Merv ya ɗauke ta. Tun kafin ya aure ni ba wanda ya taɓa yi mata juyen baƙin mai sai shi. Garejin Aldo, uban angon namu, yana nan bayan gidan waya, da ƙafa ma ba nisa, amma Merv ya gwammace ya kwana da yunwa da ya kai ta can. Wai yaran gareji mai mafi araha suke ɗura wa mutum, sannan su kawo lissafi kamar zinariya suka narka. Wai duk namijin da bai iya juyen mai da hannunsa ba bai cancanci riƙe makulli ba. Na ce masa to madalla, a sa rigunan da ya kashe mini a lissafin, da kwanon gashin namana da ya mayar na tarar mai, da galan-galan na tsohon mai da ya jera a bayan rumfa, kullum gobe zai kai su inda ake karɓa, har gizo-gizo ya yi jikoki a kansu. Sai ya ce wai mata ba su san inji ba. Shi da Aldo kuwa in suka haɗu a mashaya ba a jin kunne. Yana kiran Aldo ɗan fashi mai lasisi, shi kuma Aldo yana kiransa injiniyan gindin bishiya, yana ce masa yana nan yana jira, duk daren daɗewa motar nan sai ta kwana a hannunsa.

Da aka sa ranar biki, Tamsin ta ce ba ta son motar haya, a motar kakanta take so ubanta ya kai ta coci. Merv ya yi ta washe baki har kunne. Aldo, don kirki irin na sababbin surukai, ya aiko Nico ya ce a kawo motar ya duba ta kyauta, ya yi mata juye, gudummawarsa ke nan. Ke dai bari! Sai ka ce zaginsa aka yi. Ya ce a gaya wa Aldo ɗiya ya ba su, bai ba su mota ba. Ranar Juma'a, ana gobe ɗaurin aure, gida cike da baƙi, ni ina fama da kek da naman rago, sai na leƙa rumfa na hango ƙafafu biyu sun fito daga ƙarƙashin mota. Man nan fa bai ma isa canji ba. Na tsaya a kan takalmansa ina yi musu magana kamar mahaukaciya. Na roƙe shi, na yi faɗa, na ce masa rigakafi ya fi magani, ya bari bayan biki. Daga can ƙasa ya amsa mini wai amarya ba ta hawa mota da tsohon mai, kuma in matsa ina tare masa haske. Ina ji sifana ta faɗi, ya lalubo, ta sake faɗi. Na koma ciki raina a ɓace.

Safiyar Asabar kare ne ya kawo mana labari. Ya shigo ɗakin girki yana buga mini baƙin sawu a kan tayil, ya wuce falo inda rigar amarya take rataye, da ƙyar ƙawar Tamsin ta cafke shi. Muka ruga rumfa. Yaya, sabon man da Merv ya ɗura wa motar jiya gaba ɗaya yana ƙasa, ya malale har bakin ƙofa. Ashe wajen ɗaure notin da ke toshe ramin juye ya murɗa ya wuce kima, haƙoran suka cinye, mai ya kwana yana ɗiga. Na ce shi ke nan, a kira Aldo. Ya ce a kira wa? Ya shiga tarkacensa ya zaƙulo wani ƙaton noti na tsohuwar garma, wai zai tura shi da ƙarfi ya zauna. Na ce Merv, ka ji tsoron Allah. Ya yi kunnen uwar shegu da ni, ya sake shigewa, har da guduma. Bugu na nawa ne ban sani ba, sai muka ji ƙas! Kaskon da ke riƙe mai a ƙasan inji ne da kansa ya tsage. Garin neman gira aka rasa ido.

Tamsin ce ta fito, kanta cike da abin naɗe gashi, ta durƙusa ta kama ƙafarsa ta ce ya fito. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa ita ba mota za ta aura ba, ko a baro ne ya tura ta ta yarda, amma in ya sake shiga ƙarƙashin motar nan yau, to da ƙafa za ta tafi coci ita kaɗai, ya zauna ya ba da auren notinsa. Ya fito ya yi tsuru-tsuru, mai har gwiwar hannu. Sannan ya ɗauki hularsa, bai ko wanke hannu ba, ya bi titi. Ina tsaye a ƙofa na ga ya yi kwana ta bayan gidan waya, na ce yau ga ikon Allah.

Aldo ya zo da motar janwe, wandon kwat ɗinsa a jiki. Ya shimfiɗa kwali ya leƙa, ya fito ya ce kasko ya tafi, irinsa sai an nemo daga Adelaide, ba yau ba, ba gobe ba. Na ce to a sa amarya a motata. Sai ya dubi Merv, ya ce a'a, an ce a motar kaka za a kai ta, a motar kaka za ta je. Shi da Merv suka ɗaura igiya. Matarsa Rosaria ta zo ta naɗe igiyar da farin ribon, wai kada ta ba mu kunya. Haka aka yi, Yaya. Janwe a gaba tana tafiyar hawainiya, Holden a baya shiru ba inji, Merv a sitiyari ya cika ya batse cikin kwat, Tamsin a gefensa tana dariya har kwalliyarta ta zube. Gari kaf ya fito. Masu shago suna tafi, 'yan mashaya suna ɗaga kwalba suna tambayar Merv ko mai nawa take sha yanzu. Ɗan sandan garin ma yana cikin 'yan gayya, ya kau da kai ya shiga gyaran takalmi. Ni ina biye a baya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma idona yana kan hannun nan da ke riƙe da sitiyari.

A wajen walima Aldo ya tashi jawabi, ya ce shekara da shekaru yana neman motar nan ta shigo hannunsa, ashe sai ya ba da ɗa sukutum za a ba shi. Aka yi ta dariya, har Merv ɗin ya murmusa, ya ce ja aka ce ya yi, ba a ce ya taɓa ba. Amma da aka fara rawa Aldo ya ja ni gefe, ba wasa a fuskarsa. Ya ce mini duk tsiyar da yake yi wa Merv, ya san ba mutumin da zai cinye haƙoran noti ba ne, ko da ido a rufe. Ya ce da suna ɗaura igiya ya ga yadda ƙulli ya gagari Merv. Ya ce in kai shi asibiti, kada in tsaya sauraron bakinsa. Na ce Aldo, in kana da igiyar da za ta ja shi can, ara mini.

Kina tsammanin ya daddara? Ina! Da kaskon ya iso, Aldo ya ce a kawo motar ya ɗaura, aikin ɗan lokaci ne tunda yana da abin ɗaga mota sama. Ƙanenki ya je ya karɓo kaskon a kwali ya rungumo shi gida, wai shi ya ɓata shi zai gyara. Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba a zamanmu. Na ɗauki jak ɗin na kai gidan Rosaria na ce ta ɓoye mini. Ya neme shi sama da ƙasa, ya zo yana tambayata, na ce ni na ɗauke, kuma ba zai sake ganinsa ba sai ya ga likita. Muka yi ta sa-in-sa. Ya ce na haɗa kai da 'yan fashi, na mai da shi yaro a gidansa. Na ce gara ya zama yaro da in zama gwauruwa saboda galan ɗaya na baƙin mai. Na ce masa wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, kuma shi ya riga ya gani, gari ma ya taya shi gani. Ya buga ƙofa ya fita. Muka yi kwanaki ba mai ce wa wani ci kanka, sai dai in ajiye abinci in wuce.

Shekaranjiya da la'asar na ji rumfa ta yi shiru da yawa, na kai masa shayi. Na tarar da shi zaune a kan bokiti, kaskon yana cikin kwalinsa ba a ko buɗe ba, ya danne hannun dama da na hagu a kan gwiwa. Na yi niyyar in ajiye in tafi, sai ya yi magana, bai ɗago ba. Ya ce tun yana yaro Baba ya koya masa cewa noti yana gaya wa hannu inda zai tsaya, kuma bai taɓa kuskuren jin wannan ba. Ya ce ranar Juma'ar nan ya yi ta murɗawa yana jira ya ji, bai ji komai ba. Wai ba rowa ce ta hana shi kai motar gareji ba, so yake ya gwada ya gani ko hannun yana nan. Duk faɗan da na tanado sai ya bi iska, na jawo wani bokitin na zauna. Can ya ce lokacin da ciwon rawar jikin nan ya kama Baba shi yana aikin haƙar ma'adinai a arewa, bai ga farkonsa ba, ke kika yi jinya. Ya ce in na tashi rubuta miki in tambaye ki, na Baba da wane hannu ya fara.

To ga tambayar na isar, Yaya. Amma ni ba na so ki ba ni amsa in kai masa. Ki kira shi da kanki, ranar Lahadi da yamma yana gida. Ki gaya masa gaskiya ko wace iri ce, sannan ki ce ya bi ni mu je Adelaide a duba shi. Ni na yi faɗa har muryata ta dushe, ke kuwa ko a waya kika ce Mervyn da cikakken sunansa sai na ga ya gyara zama. Har yanzu haushinsa nake ji, ban ɓoye miki ba, amma tsoron ya fi haushin yawa.

Ki gaishe mini da Alasdair, ki ce mun gode da kyautar da ya aiko wa amarya. Ki gaida Fiona da mijinta Callum, da 'yan jikokina Isla da Ruaridh, a shafa mini kansu. Tamsin da Nico suna gaishe ki, Rosaria ma ta ce lallai in sa sunanta ko da ba ku taɓa haɗuwa ba. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Noeline