Kujera Ɗaya Ce a Jirgin

Daren Talata, damina ta uku da canja hannun tuƙi a titunan ƙasar nan.

Yau na je Kwadon na ga inda jirgin yaƙin nan ya faɗi, tsakiyar gonar dawa. Matuƙin ko sa'an ɗana Sani bai kai ba. Allah ya jiƙansa.

Wani hafsa mai tumbi yana ta gaya wa mutane ƙaddara ce. Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya gyara shi fa, yana ciki?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, kujera ɗaya ce a jirgin. Ka yi makaranta kuwa?"

Ban yi ba. Amma shekara talatin ina gyaran motocin auduga a Tudun Wada, dokar garejina ɗaya ce: duk wanda ya ɗaure birki, shi zai zauna gaba a lodin farko zuwa Jos. Ba a taɓa bar min noti a kwance ba. Su kuwa manyan soja, kuɗin fetur ya koya musu saye, bai koya musu riƙo ba. Abu ya faɗo, sai su jingina wa Allah sakacinsu.

Irin jirgin nan Sani ke tuƙawa. Uwarsa ta kasa cin tuwo. Na ce mata ba komai, ƙarya na yi.

Gobe in Allah ya kai mu, ina idar da sallar asuba zan hau mota zuwa barikin su Sani. Sai an nuna min mai ɗaure wa jirgin ɗana noti na duba tafin hannunsa. In na same shi sumul babu kanta, ƙafata ƙafar Sani za mu dawo Gombe.