Tsagar Inna Gumsu

Zuwa ga Yaya Abdulwahabu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Fa'iza da yara. Ya Damagaram? Mu nan Dungas sai godiya.

Bayan haka, kyamarar da ka aiko mini ta iso, kuma ban taɓa ganin mai kunya irinta ba: ba ta iya kallon aibin kowa. Akwai wani madanni, kana taɓa shi mai ƙuraje ya fito sumul, tsoho ya koma ango. Na gwada ta kan jakin Maigari, har shi ya yi kwarjini. Kwana uku ina latse-latse, ina son gane yadda take zaɓen abin da za ta share.

Sai ga Inna Gumsu, mai ƙosan bakin tasha. Ɗanta Nura shekara tara yana Libiya, sai bana aka samo lambarsa. Ya ce 'yan damfara sun sha kiransa da muryar tsofaffi, ba zai taso gida ba sai ya ga fuskarta. Na ɗauki hotonta, na tura masa. Ashe kyamararka ta ɗauki tsagar Barebari da ke kumatunta a tabo, ta goge ta kaf. Nura ya ce uwarsa mai tsaga ce, ya toshe lambata. Tun ranar tsohuwa ba ta ɗora kasko ba, ni kuwa ta bayan tasha nake bi.

Ka gaida kowa.
Ƙanenka, Ajimi

Yaya Abdulwahabu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, na gano inda ake kashe madannin. Ashe in ta daina kara, ba ta da sirri! Tsaga goma sha biyu ta fito da su ɗaya-ɗaya, har wadda hannun wanzami ya goce ta karkace. Da wayar maƙwabcina na tura sabon hoton. A kan karkatacciyar nan Nura ya gane ta. An ce ya yi kuka, yana tafe bayan girbi.

Jiya Inna ta kawo mini ƙosai da zafinsa, ta rage murya ta ce in wanke mata hoto babba na ratayewa a ɗaki. Ba wanda ya dawo mata da ɗa ba, wancan sumul ɗin.

To kai da ka karanta takardar kyamarar da Faransanci, wanne suka ce shi ne hoto mai kyau?

Naka, Ajimi