Babur Ɗin da Baba Zai Iya Ɗagawa

Yaya Muniratu,

Gaisuwa daga Jidda. Ya mutanen Maitumbi, ya ƙafar Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, zafin wurin aikin ma na fara sabawa.

Kin ce a saya masa babur mara nauyi saboda hanyar gona, na dage sai babba, don a san ɗansa na waje. Ga shi ya danne shi cikin taɓo har azahar, ba mai ɗagawa.

Don Allah ku sayar. In ya warke ku je tare, ku kwantar da kowane babur a ƙasa. Wanda Baba ya ɗaga da kansa, shi za ku ɗauka.

Ki ce ya yafe min. Na kasa kiransa.

Ƙaninki,
Ndaman